Na'urar Baba ta Auna Danshi

Ba zan taɓa mantawa da aikin gidan da Malam Sabi'u, malaminmu na noma, ya ba mu a aji biyar ba. Kowa ya tambayi manomin rani yadda yake gane lokacin ba tumatir ruwa, wanda ya fi kyau a karanta a taron iyaye. Ni kuwa na ƙwallafa rai nawa za a karanta.

Tun kafin a haife ni Baba yake noman tumatir a bakin kanal a Bunkure, amma na raina (Allah Ya yafe mini). Me zai ce ban da "in ta bushe a ba ta"? Hankalina yana kan manhajar AI da ke wayar yayana, ina so in ga iyakar saninta. Na ce ta rubuto mini hira da manomi. Kafin in gyara zama ta cika shafi, har manomin yana cewa yana soka na'urar auna danshi a ƙasa. Na kwafe tsaf, na ɗora sunan Baba a sama.

Na manta Malam ma yana noman rani.

Ranar Asabar na kai wa Baba abinci gona, sai ga Malam a babur, takardata a hannunsa. Bayan gaisuwa ya ce, "Alhaji, na'urar nan taka na zo gani, ko ni ma in nemi irinta."

"Wace na'ura, Malam?"

Malam ya karanta masa. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ikon Allah. Ni na faɗi duk wannan?" Ya waiwayo ni. (Ban taɓa ƙare wa murfin kwano kallo irin na ranar ba.)

Sai ya tuɓe takalmi, ya danna dunduniya a fangali, inda ake kwantar wa tumatir ruwa. "Ga ta nan, Malam. In ƙasa ta kama ƙafa, a bari sai gobe. In ta marmashe, a buɗe ruwa."

Malam ya ninke takardar, ya rubuta wannan a bayanta.

Da ya tafi na jira faɗa, ban samu ba. Baba ya buɗe kwano kawai, ya ce, "Kullum kina zuwa nan, 'yar nan. Da kin tambaye ni."

Wallahi da duka ya yi mini da ya fi sauƙi. Ba a karanta takardata ba, kuma ban isa in yi ƙorafi ba.

Har yau ina tambayar manhajar, don ta san abubuwa. Amma da Baba nake farawa. Ita ba ta taɓa taka fangali ba, kuma ba ta jin ciwo in an tsallake ta.