Furen Da Na Durƙusa Wa

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na je da abokaina noman gonar baban Balkisa a Matankari ba. Ko ni na manta, gwiwoyina ba za su manta ba.

Lokacin ina neman aurenta, kuma ban daɗe da dawowa daga karatu a Yamai ba, kai ya cika da iska. Ni haihuwar cikin garin Dogon Dutsi ne, fartanya ba ta san hannuna ba, sai na ƙudura abin da na kasa da dantse zan cike shi da baki.

Da hantsi Balkisa ta kawo mana fura. Na ja ta gefen gona, inda wani haki ya shimfiɗu da ƙananan furanni rawaya masu kunne biyar-biyar. Na gyara murya na ce wannan shi ne buton dor, furen dajin Turai da muka karanta a littafin lakkwal, wato makarantar boko. (Allah ya sani, a hoto kaɗai na taɓa ganinsa.) Na tsaya a tsakiyarsu ina ta bayani.

Ta dubi ƙasa, ta dube ni. "Ka tabbata?"

"Ke dai ba ki san siyans ba, ilimin kimiyya ke nan," in ji ni.

Sai ga babanta ya ɓullo ta cikin gero. Balkisa ta ja gyale ta gudu. Ni kuwa na yi abin da kowane ɗan mutunci zai yi gaban suruki: na tuɓe takalma, na zube gwiwa biyu.

Jama'a, tsidau ne. Ƙayarsa na sani tun ina yaro, amma ban taɓa sunkuyawa na kalli furensa ba.

Ga shi ba a miƙewa suruki yana gaisuwa, tsohon nan kuwa ba ya gaggawa. Ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwa, ya tambayi mutanen Dutsi gida-gida. Ni dai "lahiya lau" nake ta cewa da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba. In na yi ihu, na san auren ya tafi. Na cije, amma idanu suka ƙi ba ni haɗin kai, hawaye shar-shar.

Tsoho ya tsaya yana kallona. Ya juya wajen manoma ya ce, "Kun gani ko? Wanga yaro akwai kunya. Gaisuwa ɗai, har da kuka! Na ba shi ɗiyata."

Sai da ya wuce abokaina suka ɗaga ni, suna cire ƙaya suna dariya har da faɗuwa.

Yau 'ya'yanmu uku. Duk damina Balkisa sai ta tsinko furen ta ajiye mini kusa da kwanon tuwo. Ni kuma na koyi darasi: kafin ka raɗa wa fure sunan Turai, duba abin da ke ƙarƙashinsa, musamman in surukinka na kusa.