Sarkin Hatimi da Waƙar Inna Lurlene

Ka taɓa ganin mutumin da in ya yi atishawa sai ya dakata a rubuta a tarihi? In ba ka taɓa ba, zo garinmu na gabashin Texas ka ga Mista Delmer Tubbs, shugaban hukumar da ke ba masu sana'ar beli lasisi. Mu Sarkin Hatimi muke ce masa, kuma Allah ya yi mana baiwa da shi. Takardun yabo goma sha huɗu ne a bangon ofishinsa, na ƙirga. Ɗaya ta gasar shan kankana ce, amma ita ma an sa mata gilashi.

Kafin zuwansa muna cikin duhu. Alƙali ya yanka wa mutum kuɗin beli, mutum ya kira mai beli ya ba shi kashi ɗaya cikin goma, mai beli ya tsaya masa, ya koma gida ya kwana a gadonsa. Haka kawai, ba ko jawabi. Sarkin Hatimi ya duba ya ga wannan ƙauyanci ne.

"Sana'a ba ta da mutunci sai ta sha wuya a hannun hukuma," in ji shi. "Ni kuwa ni ne hukuma."

Sai dokoki suka fara zuba. Mai beli ya ɗaura laktayi ko da zafi na narkar da kwalta. An hana raba biro da kalanda masu lambar waya. An cire sunayen masu beli daga bangon gidan yari, wai suna ɓata fenti. Babbar dokar kuwa ita ce, hatimin lasisi ba ya aiki sai an buga shi a kan teburin hukuma, ranar Talatar farkon wata, shugaba yana zaune a kujerarsa.

Masu beli uku ne a garin. Wadda ta fi tsone masa ido ita ce Inna Lurlene Gaskin, mai ofis daura da gidan yari, wadda ta san shi tun yana yawo da majina. Laifinta waƙar talla ce ta lambar wayarta da take sawa a rediyo: "An kama ka? Share hawaye. Biyar, biyar, biyar, tara da bakwai, Lurlene na tafe." Ya ci ta tara, ya hana sa waƙar, ya ce waƙar zubar da ƙimar shari'a ce. Da lokacin sabunta lasisi ya zo, sai ya jefa takardunsu su ukun a aljihun tebur, don su zo su durƙusa. Wata ya ƙare, lasisi ya mutu. Inna Lurlene ta kashe fitilar ofis, mai gidan haya yana mata zancen tashi.

To, wanzami ba ya son jarfa. Ashe tun bazara jami'in kula da tafki ya kama Sarkin Hatimi yana kamun kifi ba lasisi. Ya ba shi takardar zuwa kotu, shi kuwa ya goge ƙugiya da ita.

"Ni za a tambaya lasisi? Yaro, ni nake haifarsa."

Bai je kotu ba, alƙali ya ba da umarnin kamo shi. Ranar Juma'a da la'asar, a filin coci wurin taron suyar kifi, yana tsakiyar jawabi a kan bin doka, ɗan sanda Wendell ya dafa kafaɗarsa.

"Yallaɓai, ƙarasa lomar mu tafi."

Beli dala dubu biyu. Banki ya rufe, Litinin kuma hutu ce. Aka kai shi gaban wayar gidan yari don ya kira mai tsaya masa, ya ɗaga kai yana neman sunayen masu beli, sai fenti fes yana sheƙi. Ya laluba aljihu, babu biron kowa. Wendell ya rantse cewa daga nan ya ji shugaba da 'yar murya ƙasa-ƙasa yana rerawa, yana danna lambobin: "Biyar, biyar, biyar, tara da bakwai..." Sauran tsararrun suka karɓa masa amshi.

Inna Lurlene ta zo kuwa, kamar yadda waƙa ta yi alkawari, har da laktayi a wuya.

"Delmer ɗana, wa ya sa ka a nan?"

"Madam Gaskin, a matsayina na shugaba, na umarce ki ki tsaya mini."

"Da wane lasisin?"

"Aika a ɗauko hatimin, in buga miki yanzu."

"A nan? Ina teburin? Ina kujerar? Yau Talata ce? Rufa mini asiri, kada shugaba ya ji."

Ta ajiye masa ƙunshin soyayyen kifi, ta ce wannan da lasisi aka kamo shi, ya ci hankali kwance.

Kwana huɗu ya yi. Ranar Talata, wadda ta zamo ta farkon wata, daga kotu bai ko biya gida ya canza riga ba, ya zarce teburinsa ya buga hatimi uku a jere, ba jawabi. Fitilar Inna Lurlene ta sake kamawa, waƙarta ta koma rediyo, safe da yamma.

Yana nan har yau a kujerarsa, ya ce zuwa ya yi don ya binciki halin da gidan yari yake ciki da idonsa. In hanya ta biyo da kai, tsaya a bakin tagarsa ka rera "biyar, biyar, biyar" ka yi shiru. Gwada ka gani, leɓensa da kansa zai ƙarasa maka sauran.