Yadda Alhaji Tanimu Ya Zaɓi Karen Farauta

Wanda bai san Alhaji Tanimu mai hatsi ba ya gode wa Allah, don kunnuwansa sun huta. Mutumin kirki ne, wallahi, hannunsa a sake yake, sai dai in ya fara cika baki ko ruwa ba ya tsayawa sha. Amma a ba shi abinsa: a garinmu na bakin fadama, in dai saitin bindiga ne, ba mai ja da shi. Yana da wata tsohuwar adaka da ya gada wurin babansa, kuma duk garin shi kaɗai ke ɗura wa bindiga 'ya'yan boris ɗin keke, wai sun fi tafiya a miƙe. In garken kirinjijiya, agwagin dajin nan, ya taso daga tafki ya ɗana musu, sai ka ga suna zubowa kamar ana kaɗe mangwaro.

Matsalar ɗaya ce. A ruwa suke faɗuwa, Alhaji kuwa ba ya shiga ruwa. Ga ciwon gwiwa, ga tumbi, ga tsoron matsattsaku da ya fi ƙarfin misali. Ranar da wata ta liƙe masa a ƙwauri, ihun da ya kurma sai da masunta suka rugo da sanduna, sun zaci kada ce ta kama shi. Tun daga nan sai ya harbo, ya tsaya a gaɓa riƙe da ƙugu, yana kallon shirwa tana kwashe rabonta.

To, ana nan sai bakin nan nasa ya jawo masa. Ranar bikin 'yarsa a birni, uban ango, Alhaji Mamuda, ya sa aka soya kajin gidan gona tuli guda. Tanimu ya ci ya ƙoshi, ya suɗe yatsu, sannan ya gyara zama a gaban jama'a ya ce, “Alhaji, wannan ai ba nama ba ne, auduga ce aka soya. Ku bari ranar da za a yi suna a gidana. Farfesun kirinjijiya da na ɗinya, babbar agwagwar ruwan nan, za ku sha, waɗanda na harbo da hannun nan nawa.”

Alhaji Mamuda ya yi murmushi ya ce, “Allah ya kai mu.” Irin mutanen nan ne masu magana a hankali, waɗanda ba sa mantuwa.

Allah kuwa ya kai mu. Yarinya ta dawo gida da tsohon ciki don haihuwar fari, kuma ranar da ta iso uwarta Tasalla ta tuna wa Alhaji da alkawarinsa, ta kuma tambaye shi ko shirwa ce za ta dafa. Nan take ya yanke shawara: kare zai nema, mai shiga ruwa ya ɗauko abin da aka harbo.

Ku zo ku ga zaɓe! Ko lokacin da zai aurar da 'yar bai yi binciken asali irin wannan ba. Kullum ya zo majalisarmu da batun kare, mu da muka zo shan shayi mun zama malaman jinsi. Yana lissafa sharuɗɗansa da yatsu: mai juriya, mai jin magana, marar ƙyuya. Babban sharaɗin kuwa sai ya buga ƙafa yake faɗinsa: “Wanda ba zai ci ko fiffike ɗaya daga abin da aka harbo ba. Ko fiffike ɗaya!” Mun ji wannan fiffiken har yara sun fara rera shi a hanya.

Ya fara da karen Buzaye, dogo siriri, ƙafafu kamar karan dawa. A tudu ko babur ba ya kamo shi. Da aka je bakin tafki ya taɓa ruwa da ƙafa ɗaya, ya juyo ya dubi Alhaji, ya je ya zauna kusa da shi. Suka zama su biyu masu kallon shirwa.

Aka kawo masa wani ɗan gajere daga birni, mai kunnuwa suna reto har ƙasa. Wannan gwanin tayar da tsuntsu ne daga cikin ciyawa. Gwanintar ce ma ta yi yawa, don tun Alhaji yana ɗura albarushi ya riga ya tayar da duk tsuntsun da ke fadamar, har da na garin gaba.

Na uku karen wani mahauci ne. Shi kam ya shiga ruwa, ya ɗauko, ya kuma kawo. Abin da ya ajiye a gaban Alhaji baki ne da ƙafafu biyu, ya koma gefe yana gyatsa.

Ana cikin wannan sai ga Cindo. Cindo taubashinsa ne, ɗan wan mahaifiyarsa, saboda haka tun suna yawo ba wando yake kiransa “bawana”. Kun san dokar taubasai: a tsokane ka, a ƙwace maka hula, a ci maka tuwo, ba fushi, ba kai ƙara. Cindo yana noman shinkafa a can ƙetaren tafki. Shi ma da yana taɓa harbi, har ranar da ya auna ɗinya ya fasa goran da wani masunci yake iyo da shi, da masuncin a kai. Sarkin Baka, shugaban maharban garin, ya karɓe bindigarsa ya ce sai ranar da idonsa ya dawo. Ya bar shi da karensa, wani jibgege ruwan ɗorawa mai suna Kabewa, wanda wani Bature mai aikin gada ya bar masa uwarsa.

“Bawana,” in ji Cindo, “kana ta yawon duniya alhali abin yana gidan ubangidanka. Kabewa irin karnukan ruwa ne. Bakinsa laushi, ko ƙwai ya ɗauko ba ya fasawa.”

Tanimu ya harare shi. “Fiffike fa?”

“Ko gashi ba ya haɗiyewa. Ka ɗauke shi, na ba ka. Ni da ba ni da bindiga me zan yi da shi? Kai dai ka riƙa ba shi hanta, kada ka ba ni kunya.”

Da ya shiga gida da kare, Tasalla ta dubi kare ta dubi mijinta. “Alhaji, Cindo ne ya ba ka? Kyauta? Cindon da ya taɓa sayar maka da akuyarka?”

“Ke ba ki san harkar maza ba,” in ji shi.

Washegari da hantsi aka je gwaji, har da mu 'yan kallo. Alhaji ya yi bisimilla ya danna kunama, kirinjijiya ta faɗo. Kabewa ya daka tsalle, tsundum! Wallahi abin sha'awa, yana iyo kamar an haife shi a ciki. Ya ɗauki tsuntsuwar a hankali, ya ɗaga kai sama don kada ta jiƙe. Alhaji ya jefar da hula yana ihu, “Kun gani? Kun ga iri?” Sai Kabewa ya yi kwana, ya kutsa cikin dogayen ciyayin ruwa, ya ɓace. Can an jima ya dawo yana kaɗa wutsiya, baki wayam.

Alhaji ya buɗe bakin karen da hannunsa, ya leƙa har maƙogwaro. Ba jini, ba gashi. Ya tattaɓa cikin, a lafe yake. Sai ya miƙe yana washe baki. “Bai ci ba! Jama'a, ku shaida, bai ci ba!”

Wani ya ce, “To ina take?”

Da yamma ya tambayi Cindo. Cindo ya gyaɗa kai kamar likita. “Baƙunta ce, bawana, bai gama gane hannunka ba. Irin wannan karen da yawan harbi yake koyo. Ka ƙara albarushi. Kuma ka fi mayar da hankali kan ɗinya, ya fi gane manya.”

Alhaji ya ƙara albarushi. Safe harbi, yamma harbi, har masu gyaran keke suka fara ɓoye boris in sun hango shi. Kabewa bai taɓa gajiya ba, bai taɓa kuskure ba, bai kuma taɓa dawowa da komai ba. Yana cin hanta yana ƙiba, Alhaji yana ramewa. Wani lokacin iska ta kaɗo ƙamshin banda daga ƙetare, Alhaji ya shaƙa ya ce, “Kai, bana Cindo ya samu kifi.” Mu dai mun lura kumatun Cindo sun fara sheƙi, muka ce ko shinkafa ce ta yi kyau.

Yarinya ta haihu, namiji santalele. Alhaji Mamuda ya bugo waya ya yi barka, ya ce suna nan tafe da motoci, kuma ya hana tawagarsa karyawa ranar suna don kada a ɓata wurin farfesu. Ranar na ga tsoro a fuskar Tanimu, kuma gaskiya ya ba ni tausayi. Mutum ya yi ta harbi har kafaɗarsa ta kumbura, amma ko ƙafar tsuntsu babu a gidansa. Karen mahauci ma ai yakan kawo ƙafa.

Ranar suna aka yanka rago, aka raɗa wa yaro suna, baƙi suka cika rumfar ƙofar gida. Sarkin Baka yana nan a gefe da carbinsa. Tasalla, da ta san halin kayanta, ta riga ta aika kasuwa a ɓoye, aka fito da tire-tire aka jere. Alhaji Mamuda ya buɗe na gabansa, ya ɗauki cinya, ya juya ta, fara sol. Kazar gidan gona ce.

“Ikon Allah,” ya ce a hankali. “Alhaji, ashe audugar tamu har nan ta yi tsiro.”

Tanimu ya sunkuyar da kai, gumi yana bin wuyan babbar rigarsa. Ba wanda ya yi dariya da ƙarfi, kuma wannan ya fi ciwo.

Sai muka ji ƙarar amalanke. Cindo ne, cikin sabuwar shadda, ana turo masa manyan tukwane. Kabewa ya fito daga zauren Alhaji da gudu ya tarye shi, yana tsalle kamar zai tashi sama. Aka buɗe murfi, ƙamshi ya bugi unguwa. Farfesun ƙyafaffiyar kirinjijiya ne, ga ɗinya manya-manya, ga yaji ya ji.

“'Yar gudummawata ce ga bawana,” in ji Cindo. “Ba yawa.”

Mutanen birni suka manta da cokali. Alhaji Mamuda ya naɗe hannun riga yana tsotsar ƙashi yana cewa, “Yauwa! Wannan shi ne maharbi! Malam Cindo, Allah ya ƙara wa hannun nan albarka.”

“Ɗan abin da Allah ya hore ne,” in ji Cindo, yana kallon ƙasa kamar sabuwar amarya.

Aka tura wa Tanimu kwano, ya ture. Baƙin ciki ya hana shi ko ɗanɗanawa.

Ana cikin haka sai Alhaji Mamuda ya dafe kunci ya ce, “Wash!” Ya tofar da wani abu a tire, ƙwal, ya gangara har gaban Tanimu. Tanimu ya ɗauka ya goge da bakin riga, ya ɗaga shi sama. Ɗan boris ne na keke.

Ya dubi boris, ya dubi tukwane, ya dubi Kabewa. Wallahi muna kallo lissafin yana shiga kansa kaɗan-kaɗan.

“Cindo!” ya daka tsawa. “Nawa ne! Duk nawa ne! Ni na harbo su!” Ya fizge hularsa ya wurga wa Cindo. Karon farko ke nan da muka ga saitinsa ya kuskure, hular ta wuce ta faɗa bayan rumfa. Kabewa ya zabura, ya ɗauko ta a hankali da bakin nan nasa mai laushi, ya ratsa ta gaban Tanimu ko kallonsa bai yi ba, ya ɗora ta a hannun Cindo, ya zauna.

Rumfa ta kece da dariya. Wani baƙo ya ƙware da romo, Alhaji Mamuda yana riƙe da haƙori yana hawaye.

Tanimu ya zube gaban Sarkin Baka. “Ranka ya daɗe, a bi mini haƙƙina! Wata da watanni ina zaɓen kare, wannan azzalumin ya cuce ni!”

Sarkin Baka ya goge idonsa da gefen rawani. “Alhaji, tsakanin taubasai ba shari'a, kai ma ka sani. Amma kai Cindo, tambaya ɗaya. Ni da kaina na karɓe bindigarka. Me ya kai ka shiga sha'anin mutum yana zaɓen karensa?”

Cindo ya kifa hular Tanimu a kansa, ya gyara mata zama.

“Ranka ya daɗe, ai tare muke zaɓen. Shi yana zaɓen kare, ni ina zaɓen maharbi. Kuma nawa ya fi kyan iri: ga juriya, ga jin magana, ga shi nan a tambaye shi, har yau ko fiffike ɗaya bai ci ba.”