Tela Ya Auno Mota

Wani tela ne Allah ya hore masa, ya ce shi ma ya gaji da bin motar haya, tasa zai saya. Ya rataya tef ɗin awo a wuya ya nufi wajen dillali.

"Wace iri kake so?" in ji dillali.

"Ƙarama, mai haƙuri, wadda ba ta shan mai. Ba na son iyayi."

Dillali ya nuna masa wata doguwa mai walƙiya. Tela ko kallon injin bai yi ba. Ya ja tef ya auna ƙugunta, ya girgiza kai. Ashe akwai wani ɗan lungu tsakanin katangar gidansa da ta maƙwabci, a nan yake son ajiye motar, kuma tun da safe ya auno shi.

Ya auna ta biyu, ya auna ta uku. Dillali ya ce, "Malam, riga za ka ɗinka musu ne?"

Can a ƙurya ya hango wata 'yar guntuwa, bayanta a datse kamar an sa almakashi, ƙofar but ɗinta ta baya kuma sama take ɗagawa. Ya auna. Cif da lungu!

"Wannan tana shan mai?"

"Sha? Ai wannan sansanawa kawai take yi."

Nan take aka yi ciniki.

Ya iso gida yana ta hon. Ya naɗe madubai, ya saita hanci, ya zura mota cikin lungu kamar zare a allura. Ya kashe, ya tura ƙofa, gam! Katanga. Ya mirgina ɗaya ɓangaren, gam! Katangar maƙwabci.

Matarsa ta leƙo ta gilashin baya. "Maigida, ka fito mana mu yi maka murna."

"Ki buɗe mini but tukuna."

Ta ɗaga. Ya haura kujeru, ya rarrafo ya faɗo a gabanta.

Ta riƙe haɓa. "Shekara ashirin kana ɗinki, ko wando ai ana bar masa wurin numfashi."

"Ke ba ki san mota ba. Ɓarawo ma ta ina zai shiga?"

Haka aka ci gaba. Da safe ta but, da yamma ta but. Gidan mai kuwa in ya zo wucewa har kau da kai yake yi.

Rannan surukinsa ya aiko cewa yana tafe, zai zo a duba masa gwiwa a asibiti. Dattijo ne mai jiki, mai kwarjini, wanda tela bai taɓa iya haɗa ido da shi ba. Tela ya wanke mota har tayoyi, ya je tasha ya ɗauko shi, ya zaunar da shi a gaba.

Duk hanya yabon mota yake yi. "Baba, mako biyu ke nan rabona da gidan mai."

"Madalla," in ji tsoho.

Daɗin hira ya kwashe shi, hannu kuma ya riga ya saba. Bai farga ba sai da ya ga katanga dama da hagu.

Tsoho ya taɓa ƙofa. "Ɗana, ta ina ake sauka?"

"Yanzu, Baba. Bari in ɗan yi baya."

Ya sa ribas. Mota ta yi tari sau biyu ta mutu. Ya murɗa makulli, ya sake murɗawa. Allurar mai ta kwanta ƙasa.

"Na ji kamar ka ce ba ta sha."

"Yau ne dai, Baba. Ban san me ya same ta ba."

Matar ta kira maƙwabta. Ƙarti huɗu suka kama bamba, suka ce ɗaya, biyu, uku! Bamba ta biyo su, suka zube a ƙasa, mota ko motsi.

Zafi ya fara dafa na cikin mota. Tela ya sunkuyar da kai. "Baba, akwai wata 'yar hanya ta baya."

Tsoho ya waiga ya dubi but, ya dubi tela. Sannan ya cire hula ya miƙa masa.

Aka kwantar da kujera. Tsoho ya juya da ƙyar, ƙafafu suka fara fita. Da aka zo tumbi sai abu ya cije. Maƙwabta na jan ƙafa, tela na tura kafaɗa yana ta "Ku gafarce ni, Baba," 'yar tsohon, matar tela, na tsaye tana "Yi nishi, Baba, saura kaɗan!" Mutanen layi duk sun taru.

Can sai ga tsoho ya sulluɓo gaba ɗaya, jiƙe sharkaf da gumi, takalmi ɗaya a ƙafa. Aka zaunar da shi a benci ana yi masa fifita.

Wani maƙwabci da bai san abin da zai ce ba ya durƙusa. "Sannu da zuwa, Baba. Ya hanya?"

Tsoho ya karɓi hularsa ya kaɗe.

"Hanya lafiya lau. Haihuwar ce ta zo da gardama."