Yadda Ake Gyaran Giyar Keke Har Ƙanƙara Ta Rufe Hanya

Ni, Vern Halvorsen, ni na fara ganin keke a kan dutsen garin nan, don ni ne a kansa. Lokacin ba a ma san keken hawan dutse ba. Keken raba jarida na ɗauka, ba giya, birkinsa tafin takalmina. Ban gama firamare ba, amma ramin haƙar azurfa ya rufta da ni na fito, ƙanƙara ta zabtaro ta binne ni na fito. Hotona yana nan a bangon shagon keken Shawna, sama da na kowa. In na ce dabara tana aiki, tana aiki. Ka bi wannan daki-daki, na ba ka tabbaci kekenka ba zai gyaru ba sai ranar da ka ga dama.

Darasin na mutumin da bakinsa ya fi gwiwarsa lafiya ne. A ce kana shan kofi a gidan fanke, Merle Kowalski, wanda kuke musu tun kuna samari, ya ce tsufa ya gama da kai. Kai kuma ka rantse a gaban jama'a za ka riga shi kaiwa ƙololuwar dutse kafin ƙanƙara ta rufe hanya, wanda ya sha kaye a sauke hotonsa daga bango. Ni gwiwoyina garau suke. Don kai nake rubutawa.

Mataki na ɗaya: Ka samo mai laifi

Duba bayan kekenka ta dama. Akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe mai 'yan tayoyi biyu, shi ke ɗauke sarƙa daga wannan jerin haƙora zuwa wancan. Shi ne macanjin giya. Duk wanda ya daɗe yana da sako-sako. Tura keken har ƙofar gidan fanke, ka girgiza ƙarfen kowa ya gani, ka ja tsaki mai tsawo. Kada ka taɓa cewa ba za ka hau ba. Ka ce, "Da zarar na canza wannan, Merle ya nemi kwalin da zai zuba hotonsa."

Mataki na biyu: Ka sayi mai kyau, amma ba na kekenka ba

Haƙoran tayata ta baya jeri tara ne. Sai na yi odar macanjin masu jeri goma sha biyu, wanda ya fi kowane ƙyalli. Mutumin da ya sayi mai ƙyalli ba a zarginsa da gudun aiki.

Shawna ta juya shi a hannu ta ce, "Baba Vern, wannan ba zai ji maganar maɓallin hannunka ba. Yadda maɓallin ke jan waya daban, yadda wannan ke so a ja shi daban."

A nan sai ka dafe kai ka zagi masu ƙera kekuna gaba ɗaya. Ka ce a zamaninku kowane ƙarfe na zama lafiya da ɗan'uwansa. Tsofaffin da ke wurin za su gyaɗa kai, ka samu shaidu kyauta.

Mataki na uku: Ɗaya bayan ɗaya

Nan sirrin yake. Kada ka kuskura ka sayi kayan gaba ɗaya. Maɓalli ya iso, ka gano haƙoran ba su dace da shi ba. Haƙora su iso, sarƙarka ta yi musu kauri. Sarƙa ta iso, haƙoran su ƙi hawa cibiyar tsohuwar tayarka. Kowanne ka yi odarsa daga shagon da ya fi nisa, ta gidan waya, kuma kada ka zaɓi kawowar gaggawa. Gaggawa ta yara ce.

Mai gyara za ta so ta ɓata maka shiri. Shawna ta ce min, "Baba, kawo shi in haɗa maka saiti guda, da yamma ka hau abinka."

Na ce, "Yarinya, ina hawan dutsen nan uwarki ba ta fara rarrafe ba."

Ka lura, ban amsa maganarta ba. Shekaru na faɗa mata. Shekaru na rufe kowace magana.

Mataki na huɗu: Ka fi kowa nuna zumuɗi

Kullum da safe ka riga abokin hamayyarka tayar da zancen.

"Ka yi sa'a gidan waya na bayanka, tsohon banza."

Merle ya ce, "Ganye ya fara zama ja, sanyi na tafe, Vern. Keken ne ke jinya ko mai keken?"

"Ci fankenka. Ƙarfin da za ka ɗauki hotonka zuwa gida kake tarawa."

Mataki na biyar: Ka yi hattara da masu ƙaunarka

Maƙiyi ba ya gyara maka keke. Matarka ce za ta yi. Na tafi kamun kifi, na dawo na tarar matata Darlene ta kwashe kayan duka ta kai wa Shawna. Ga keke a gareji, giya na shiga sumul, ko ƙara babu.

Ta ce, "Na gaji da cin abinci da sarƙa a gefen faranti. An gyara. Na kuma gaya wa Merle ranar Asabar ce."

Ka yi godiya, fuska a sake. Namiji ba ya kuka a gareji.

Mataki na shida: Kunne

Tsakanin macanji da jikin keke akwai ɗan ƙarfe mai laushi da muke kira kunne, an yi shi ne don ya lanƙwashe in an danne shi. Kowane keke da irin nasa. Ranar tsere ka kwantar da keken a bayan a-kori-kura ta gefen dama, ka manta da gungumen itace a kansa, ka bi hanya mai gargada.

Na isa gindin dutse jama'a sun taru, Shawna har da abin cire ƙusa ta zo, don sauke hoton wanda ya sha kaye. Na sauke keke, macanji ya karkace ya shige cikin wayoyin taya. Ina shirin jan tsakina sai Merle ya buɗe bayan motarsa. Kekensa a kwance ta dama, buhun abincin kare a kansa.

Muka kalli juna.

Ya ce, "Hanyar nan ta lalace, Vern."

Na ce, "Na sha gaya wa hukuma."

Shawna ta kwana biyu tana neman kunnuwanmu. Na kekena guda ya rage, a wani shago can jihar Montana, kuma wani daga garinmu ya riga ta sayensa. Na keken Merle ma haka. Ban tambaye shi wa ya saya ba, shi ma bai tambaye ni ba. A makon ƙanƙara ta sauko. Hotuna biyu suna nan a bango, nawa a sama.

Gargaɗi

In matarka ta gano, ko mai gyaranku tana da kunne a aljihu, ko abokin hamayyarka da gaske yake son hawa, babu ruwana, ban san ka ba, ban taɓa ganin kekenka ba. Wanda kuma yake tunanin Vern Halvorsen ba zai iya hawan dutsen nan ba, ya same ni a gindinsa ranar da ƙanƙara ta narke. Ya taho da kunnen da ya dace da kekena, in ya isa.