Yadda Ake Liƙa Rumfar Ƙarfe a Bangon Alhaji Uzairu

Kai injiniya ne. An ba ka aikin rataya rumfar ƙarfe a gaban shagon Alhaji Uzairu a unguwar Gangare, cikin Jos. Babu ginshiƙi: ƙusoshi za a cusa cikin tsohon kankare, gam ya riƙe su. Littafin ƙa'idojin gini yana da babi guda a kan haka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin rumfa za ta hau kafin walimar buɗe shago.

1. Zaɓi lambar da ta yi maka

Littafin ya ba da ƙarfin gam iri biyu: a kankare mai tsaga, da a marar tsaga. Na biyun ya fi yawa. Bangon Alhaji yana da tsaga. Kira birkila ya shafe ta da siminti. Yanzu ba shi da ita.

2. Kada ka wahalar da rami

An ce a goge ramin da ƙusa za ta shiga da buroshi, a fitar da ƙurar tas, don gam ya kama kankare, ba gari ba. Cletus mai walda zai tambaya, "Oga, in hura da baki?" Ka ce ya hura. Iska dai iska ce.

3. Manta da sanyi

Gam yana jinkirin ƙanƙarewa a cikin sanyi, nan kuwa Jos ne, ga damina. Amma wanda ya rubuta babin bai san an riga an yanka rago ba. Ɗora rumfar.

4. Amsa tambaya a taƙaice

Alhaji zai ɗaga kai ya ce, "Injiniya, wai gam kaɗai ke riƙe da wannan? Jikokina fa a nan za su riƙa wasa."

Ka ce, "Alhaji, ai ɗan Jamus ne."

Ba a gardama da Jamus.

5. Ranar walima

Alhaji mutum ne mai karamci. "A kawo wa Injiniya kujera! Nan tsakiya, ƙarƙashin aikinsa."

Ka ce hantsi kake so ka sha. A Jos wannan uzuri ne karɓaɓɓe, har sai ruwa ya sauko. Zai sauko. Jama'a za su rugo ƙarƙashin rumfa, har da jikokin. Alhaji zai riƙe maka hannu. Cletus kaɗai zai tsaya a waje yana jiƙewa.

Zauna. Ci nama. Kada ka kalli sama.

Sanarwa: Marubucin bai ga bangon ba, bai taɓa gam ɗin ba, babu ruwansa da abin da ya biyo baya. Mai nemansa ranar walima ya duba kusa da Cletus.