Toshin Busasshen Kifi

Da aka naɗa ni mai ba ɗalibai shawara a kwalejinmu, an ce mu riƙa saurare kafin magana. Ni ina na ga lokacin?

Hindatu 'yar Kiru ta kawo kuka: saurayinta kullum toshinsa busasshen kifi.

Na ce, "Rabu da shi. Marowaci ne, kuma rowa gado ce. Haka za ki tarar da danginsa kaf."

Ta ce, "To. Yayanki Bala ne, mai kamun kifi a Tiga. Zan gaya masa."

Sai da Innarmu ta sa baki aka shirya su. Yanzu matarsa ce. Duk zuwana gidan, kifi ɗaya take miƙo mini.

"Yi haƙuri, Malama. Gado ne."